RA'AYINMU: Sa'o'i Uku Tsakanin Titi Da Gadon Asibiti



Babu wani mutumin ƙasar Ringim, daga Taura har Garki da Babura, da zai manta da daren Talata 15 ga Oktoba 2024. A daren ne wata tankar man fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya, mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar fiye da mutum 100 a lokaci guda, akasarinsu samari ne sa'o'inku. Waɗanda suka fita da ransu aka rarraba su asibitocin Ringim da Haɗejiya da Dutse da Kano. Daga nan adadin mamata ya riƙa hawa kullum, har daga baya ya haura 200. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da muke so ɗan uwa ya lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin adadin daren farko da adadin ƙarshe. Mutanen da ke cikin wannan tazara sun bar wurin gobarar suna numfashi, suna kiran sunan Allah, wasu ma da ƙafarsu suka shiga mota. Mun sani ƙuna idan ta ci mafi yawan jiki, ko a Ingila aka kai mutum da wuya ya tashi, kuma ba mu ɗora laifi a kan likitoci da nas-nas da suka kwana a tsaye ba. Amma ya wajaba mu tambayi kanmu: me aka yi wa kowane ɗayansu a mintunan farko? Wa ya ɗauke shi, kuma yaya aka ɗauke shi? Sa'a nawa ya yi kafin ya isa ɗakin gaggawa? Da ya isa, wa aka fara dubawa? Waɗannan tambayoyi su ne masana suka shafe shekaru suna bincike a kansu a ɗakunan gaggawa na asibitocin duniya, wato inda jama'a ke kira imajansi. Amsar da suka samu ta shafe ku kai tsaye. A taƙaice ta nuna cewa rayuka masu yawa suna salwanta ne saboda jinkiri da rashin tsari, kuma kaso mai tsoka na wannan jinkiri a hannunmu yake faruwa, tun kafin likita ya ga majinyaci.

Kafin mu shiga, bari mu kawar da wata shubuha. Da zarar an tayar da irin wannan magana sai ka ji wani ya ce ai kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa imani da ƙaddara rukuni ne na imani, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. To amma magabata ba su fahimci ƙaddara a matsayin naɗe hannu ba. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu bn Mu'azu (RA) a jijiyar hannu, Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida Al-Aslamiyya (RA) da ke masallaci, inda take jinyar masu rauni, don ya kasance kusa ana duba shi. Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma fahimtar da masu ja da shi cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari guda ya rasa mai yin su, kowa na da alhaki. A nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Saboda haka wanda ya tsaya yana kallon ɗan uwansa jini na zuba, sa'annan ya ce ƙaddara ce, ya nemi wata hujjar. Wannan ba ta kare shi.

To me binciken ya gano? Na farko, lokaci. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gagarumin bincike mai suna CRASH-2, wanda aka yi a kan mutum fiye da 20,000 da suka ji munanan raunuka, a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Nijeriya. An gwada wata allura mai araha da ke taimaka wa jini ya daskare a bakin rauni, sunanta taranezamik asid. Aka tarar idan an yi ta a sa'ar farko tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin sa'a ɗaya zuwa uku amfaninta ya ragu zuwa kusan ɗaya cikin biyar. Bayan sa'a uku kuwa babu amfani, hasali ma tana iya cutarwa. A 2017 wani binciken mai suna WOMAN, a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, wanda asibitocin Nijeriya suka ba da kaso mai yawa a cikinsa, ya sake tabbatar da wannan iyaka ta sa'a uku. Yanzu ɗan uwa ka ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Ɗan acaɓa ya faɗi a wani ƙauye a ƙasar Garki bayan isha'i. Minti nawa za a yi ana taruwa ana salati? Nawa za a yi ana neman mota, nawa ana cinikin kuɗin mai, nawa ana jiran a kira babban wansa ya ba da izini? Idan ƙaramin asibiti ya ce a wuce gaba, sai a sake sabon lissafi. Sau da yawa sa'o'i ukun nan sun ƙare motar ba ta ko hau kwalta ba.

Na biyu, tsari. A babban asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantaya a ƙasar Malawi, yara marasa lafiya suna bin layi ne kamar masu sayen kalanzir, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Likitocin wurin suka sauya tsari. Suka horar da ma'aikata su tsaya a bakin ƙofa suna tantancewa, yaron da numfashinsa ke sarƙewa ko yake jijjiga ko ya suma a wuce da shi nan take, mai ƙaramin ciwo ya jira. Rahoton da suka fitar a 2006 ya nuna mace-macen yaran da aka kwantar ya sauka daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin 100, ya koma tsakanin 6 zuwa 8. Malawi ba ta da rijiyar mai ko ɗaya. Abin da suka gyara shi ne wa za a fara gani. A nan akwai darasi mai ɗaci gare mu, domin mu ne muke cika ɗakin gaggawa mu ashirin a kan majinyaci ɗaya, mu ne muke ɗaga murya a kan nas don ta tsallake namu ta tafi kan wani da aka shigo da shi yanzu. Alhali idan ta yi haka saboda wancan ya fi kusa da halaka, daidai ta yi, kuma adalcin ke nan. Tsallakewar da ya kamata mu yaƙa ita ce wadda ake yi don babbar riga ko don sanayya.

Na uku, bincike yana raba abin da ke aiki da abin da aka saba kawai. Shekara da shekaru kwinin ake ɗura wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mummunan kamu. A 2010 binciken AQUAMAT, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, ciki har da Ilori a Nijeriya, ya nuna allurar atesunet ta fi shi: kashi 8.5 cikin 100 suka rasu a ɓangarenta, kashi 10.9 a ɓangaren kwinin. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta. A 2011 kuma binciken FEAST, a kan yara fiye da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya ba likitoci kansu mamaki. Sun daɗe suna ganin ɗura ruwa mai yawa cikin sauri ga yaro mai zazzaɓi da jikinsa ya yi la'asar ceto ne, sai ga shi waɗanda aka yi wa hakan sun fi mutuwa. Idan har likitoci da digirinsu za su yi shekaru a kan kuskure sai ƙidaya ta farkar da su, ina ga mu da muke fasa ɗanyen ƙwai da zuba manja da man goge baki a kan ƙuna, muke cusa cokali a bakin yaro mai jijjiga, muke tsaga wurin saran maciji da reza? Kuma ina ga mai matsa wa nas lallai sai an yi wa ɗansa ƙarin ruwa, in ba haka ba a ganinsa ba a yi aiki ba?

Na huɗu, kuma shi ne ya fi shafar ku, hannun farko da ya taɓa mai rauni. A ƙarshen shekarun 1990 wasu likitoci suka shiga ƙauyukan arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ke tashi da manoma, asibiti kuma na da nisan sa'o'i. Ba su kawo jirgin sama ko motocin asibiti ba. Sun horar da ma'aikatan lafiya 135, su kuma suka koyar da mutanen ƙauye fiye da 5,000 yadda ake buɗe hanyar numfashi, da danne jini, da lulluɓe mai rauni kada sanyi ya kama shi. Rahotonsu na 2003 ya nuna mutuwar masu rauni ta sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan 15. A Gana ma an koya wa direbobin haya fiye da 300 agajin farko, saboda an lura su ne ke fara isa wurin haɗari. Waɗannan manoma ne da direbobi, da yawansu ba su yi zurfi a boko ba. Me suka fi ku da shi?

Mun san akwai 'yan uwa da kalmar bincike kanta ke tayar musu da hankali, kuma ba mu ga laifinsu ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari yana cikin abin da ya sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003. Mutanen Garki kuma suna da nasu labarin. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro a tarihi a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano. An yi feshin gidaje, an raba magani, an riƙa ɗibar ɗigon jinin kakanninku ana dubawa. A 1980 aka wallafa sakamakon, kuma har yau masana a jami'o'in Turai da Amurka sun san sunan Garki saboda shi. Cutar ta ragu sosai lokacin da ake aikin, da aka tattara kaya aka tafi ta dawo inda take.

Darasin da muka ɗauka daga waɗannan biyun shi ne al'ummar da ba ta yin bincike da kanta, a kanta za a riƙa yi, wasu su kwashe amfanin. Kuma alhamdu lillahi 'ya'yanmu sun nuna za su iya. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Da wata 'yar leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, aka rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. A Kaltungo ta Jihar Gwambe, likitocinmu sun gwada magungunan dafin kububuwa a kan mutum 400, aka wallafa a 2010. Sharaɗinmu ga kowane mai bincike a bayyane yake: a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa ko ta waliyyinsa, kada a hana shi magani don ya ƙi, sa'annan a dawo a gaya wa jama'a abin da aka gano.

Su kuma mahukunta, da dokar da suka rubuta da hannunsu za mu kama su. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar 2014 ɗin ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa. Duk da haka, wane ne a cikinmu bai taɓa jin an ce a je a yanki kati tukuna, ko a sayo safar hannu da sirinji, mutum na kwance jini na bin tabarma ba? Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara rahotanni daga ƙasashe masu tasowa 59, ya nuna ɗakunan gaggawa na Afirka kudu da Sahara sun fi na sauran yankuna yawan mace-mace. Muna kira ga gwamnatin Jigawa da majalisun ƙananan hukumomi su tabbatar kowane babban asibiti yana da mai tantancewa a bakin ƙofa dare da rana, da akwatin magungunan ceto da ake buɗewa kafin a yi maganar kuɗi, da iskar oksijin, da ma'ajiyar jini mai wuta. Su sa a riƙa rubuta lokacin da majinyaci ya iso da lokacin da aka fara taɓa shi da yadda ya ƙare, a kuma riƙa bayyana wa jama'a alƙaluman. Muna da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai masu ilimin da za su nazarci waɗannan alƙaluma in an tara su. Gwamnatin da ta san adadin ƙuri'un kowace rumfa ba ta da uzurin rashin sanin adadin waɗanda suka cika a bakin ƙofar asibitinta.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya ku 'yan uwa matasa, muna da 'yan agaji masu kaki da bel da usur, suna tsara sahu ranar Juma'a, suna tare hanya ranar wa'azi, Allah Ya saka musu. Tambayarmu ita ce, a cikin kowane goma, nawa ne suka iya tsayar da jini? Sunan agaji nauyi ne. Don haka muna ba da shawarar kowane reshe, daga Garki zuwa Dutse, ya nemi likita ko nas ko jami'in ƙungiyar Red Cross ya ba 'yan uwa horo na aiki da hannu, a kuma riƙa maimaitawa. A jawo 'yan acaɓa da direbobin tasha a ciki, don su ke fara isa.

Kafin horon, ga abin da bai kamata wani ya jahilta ba. Jini idan yana zuba, a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko madara. Wanda mota ta buge kada a ɗauke shi kamar buhu, a tallafi kai da wuya su daidaita da jiki. Ƙuna a kwarara mata ruwa mai sanyi, ban da ƙanƙara, na minti 20, sa'annan a rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin, a nufi asibiti. Saran maciji kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a tafi. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa komai a baki. A kowane hali wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru, domin tambayar farko da likita zai yi ke nan.

Bayan haka kowane masallaci ya san motar da za a tasa da tsakar dare da lambar direbanta, a kuma ajiye ɗan asusun kuɗin mai a hannun amintacce, don kada a tsaya ciniki rai na fita. A buɗe rajistar masu ba da jini, kowa ya je a gwada ya san rukunin jininsa. Namiji baligi mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku, jikinsa kuma ya mayar. Abin kunya ne matasa ɗari su raka gawa maƙabarta, alhali jiya an rasa mutum biyu da za su ba ta jini tana da rai. A asibiti mutum biyu sun isa su tsaya da majinyaci, saura su koma su yi addu'a. Wanda kuma ya isa wurin haɗari ya zaro waya yana ɗaukar hoton al'aurar Musulmi da halin fitar ransa don ya watsa a Facebook, ya ji tsoron Allah. Wayar nan kiran mota aka fi buƙatar ta yi.

Daga ƙarshe, tankar mai idan ta faɗi, guje mata ake yi, a kuma kori yara da ƙarfi. Mun san halin da talaka ya shiga tun da aka cire tallafin mai a 2023, mun san abin da jarka guda take nufi ga mai iyali. Amma wata uku kacal bayan Majiya, a Janairun 2025, irin wannan wuta ta sake cin mutane da dama a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Dukiyar ba tamu ba ce, ran ma amana ne a hannunmu.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, ya ɗaukaka matsayin ceton rai guda zuwa matsayin da kowane ɗalibi a cikinku ya sani. Muna fata kafin Juma'a mai zuwa kowane shugaban reshe ya sa ranar horon farko, ya kuma rubuta sunayen mutum goma na farko masu ba da jini. Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu zama mabuɗan alheri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.